Ƙasar da Ta Gina Asibiti Kafin Ta Raba Kati

Abin da yawancinmu muka sani game da Tailan bai wuce uku ba: shinkafar da ake shigo da ita a manyan buhuna, da tufafi da takalman da fatake ke sarowa a kasuwar Pratunam ta birnin Bankok, sai kuma asibitocin kuɗi da masu hannu da shuni ke zuwa a duba lafiyarsu. Duk ukun suna nan. Wanda ya bi titin Sukhumvit ya gangara unguwar Nana zai ga asibitin Bumrungrad da tafintocinsa na Larabci, da Larabawa da 'yan Afirka suna shiga suna fita riƙe da manyan ambulan na hoton ƙirji. Sai dai manomin da ya noma waccan shinkafa ba nan yake zuwa ba in ciwo ya kama shi. Inda yake zuwa shi ne abin da ya kai ni ƙasar.

Wani Bakano da ya daɗe yana harkar aika kaya daga Pratunam ya yi dariya da ya ji inda na nufa.

"Malam, me za ka je yi a Isan? Can ai babu komai sai gonaki da tsofaffi."

"Alhaji, tsofaffin nake son gani, da inda ake kai su in sun kwanta."

"To Allah ya kiyaye hanya. Amma ka riƙe guzurinka, don abincinsu sai mai ƙarfin hali."

Safiya a asibitin gunduma

Isan shi ne yankin arewa maso gabashin Tailan, larduna ashirin da suka ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Ƙasar wurin rairayi ce, noman damina suke yi sau ɗaya a shekara, kuma shi ne yankin da ya fi kowane talauci. Matasansa ne direbobin tasi da leburorin gini da masu aikin masana'antu a Bankok. A ƙauyuka, kakanni ne ke riƙe da jikoki, suna jiran abin da za a aiko ƙarshen wata.

Daga birnin Khon Kaen na shiga motar haya zuwa wata gunduma da ke gefen hanya. Asibitinta ba shi da girma: gini mai hawa biyu, da rumfar jira mai faɗi, da fankoki suna ta juyi. Tun kafin rana ta ɗaga an cika kujeru. Kowa ya shigo sai ya miƙa katin shaidarsa na ɗan ƙasa mai lamba goma sha uku, a saka a na'ura, a ba shi lambar layi. Daga nan ya hau sikeli, ya zura hannu a injin awon jini da kansa, ya yage 'yar takardar da ta fito ya kai wa nas. An ware wa malaman addinin Buddha masu mayafin ruwan goro kujerunsu a gefe guda. Mai sayar da shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza ta kafa teburinta a bakin ƙofa, domin ta san wanda ya zo da asuba ba zai tafi ba sai azahar.

Na daɗe ina neman wani abu da idona ya saba gani a asibiti, ban gan shi ba. Babu ɗan'uwan majinyaci da aka ba doguwar takarda aka ce ya je ya sayo ruwan ƙari da safar hannu da allura kafin a taɓa maras lafiya. Babu mai waya a kunne yana zagaya dangi ana haɗa kuɗin tiyata. Tagar karɓar kuɗi tana nan, amma layin da ya yi tsawo shi ne na tagar magani, inda ake miƙo wa tsofaffi ledar ƙwayoyin hawan jini da na ciwon suga na wata biyu ko uku, su sa a jaka su tafi.

Wannan shi ne tsarin da 'yan ƙasar ke kira katin zinare, ko kuma baht talatin. An fara gwada shi a larduna shida cikin watan Afrilun 2001, ya game ƙasa a 2002, kuma a ƙarshen wannan shekara majalisa ta kafa shi da doka. A lokacin baht 30 bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Shi ne abin da mutum zai biya a duk zuwa, ko mura ta kawo shi ko fiɗa za a yi masa. Bayan juyin mulkin 2006 an soke biyan gaba ɗaya, a 2012 aka dawo da shi tare da yafe wa tsofaffi da yara da talakawa, har ma wanda bai so ba ba a tilasta masa. Ma'aikatan asibiti za su gaya maka cewa wahalar rubuta rasitin ta fi kuɗin yawa.

Mutanen Tailan sun kasu kashi uku wajen kula da lafiya. Ma'aikatan gwamnati da iyalansu, kimanin miliyan biyar, suna da tsarinsu na daban. Ma'aikatan kamfanoni suna ƙarƙashin asusun da dokar 1990 ta kafa, inda ake yankar kashi 5 cikin ɗari na albashi, kamfani ya ba da kwatankwacinsa, gwamnati ta ƙara nata. Duk wanda ya rage, wato manoma da 'yan tireda da masu acaɓa da matan gida da yara da tsofaffi, kimanin mutum miliyan 47, katin zinare ne ya kwashe su. Ba su biyan kuɗin wata ko na shekara. Daga harajin ƙasa ake biya musu.

Aikin da ya riga katin

Idan ka tambayi ɗan tasi wa ya kawo wannan abu, zai ce maka Thaksin. Gaskiya ne jam'iyyar Thaksin Shinawatra ce ta yi kamfe da alkawarin cewa baht 30 zai warkar da kowace cuta, ta lashe zaɓen watan Janairun 2001, ta kuma cika alkawari cikin shekara guda. Amma gwamnati ba ta iya yin irin wannan cikin shekara guda sai in ta tarar da asibitoci a tsaye da ma'aikata a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun farkon shekarun 1970 ƙasar ta wajabta wa duk likitan da ya gama karatu a jami'ar gwamnati ya yi wa gwamnati aiki shekara uku, galibi a karkara, ko ya biya tara. Dalili shi ne likitocinsu sun yi ta kwarara Amurka. Da yawa cikin waɗanda aka tura a shekarun farko 'yan zamanin boren ɗalibai ne na 1973, samari masu zafin kai da suka tashi da aƙidar yi wa talaka aiki. Sun je ƙauyuka sun ga yadda mutum ke sayar da baunar nomansa don a yi wa matarsa aiki, sai suka kafa ƙungiyar likitocin karkara a ƙarshen shekarun 1970. Cikinsu akwai Dakta Sanguan Nitayarumphong, wanda ya riƙe asibitin gundumar Rasi Salai a lardin Sisaket, a nan cikin Isan.

Sannan daga 1982 zuwa 1986 gwamnati ta yanke wata shawara mai ɗaci. Tattalin arziki na cikin matsi, sai ta dakatar da faɗaɗa manyan asibitocin birane, ta karkatar da kuɗin zuwa gina asibitocin gunduma da ƙananan cibiyoyin ƙauye. Manyan likitocin birni ba su ji daɗi ba. Zuwa farkon shekarun 1990 kusan kowace gunduma ta sami asibitinta, kuma a yau akwai ƙananan cibiyoyi kusan dubu goma a faɗin ƙasar. A 1977 kusan rabin masu zuwa ganin likita a asibitocin gwamnati manyan asibitocin lardi suke tafiya. Zuwa 2010 fiye da rabi a ƙananan cibiyoyin kusa da gida ake sallamarsu. A tsakiyar shekarun 1990 kuma aka fito da shirin ɗaukar 'ya'yan karkara a koya musu likitanci a asibitocin yankinsu, a mayar da su gida su yi aiki, domin an lura ɗan gari ya fi baƙo zama.

Waɗancan samarin likitoci sun girma sun shiga ma'aikatar lafiya, suka hau manyan kujeru, amma ba su watse ba. Daga 1986 sukan taru duk wata a Sampran, kusa da Bankok, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Prawase Wasi, wanda ya riƙa koya musu cewa babban sauyi sai abu uku sun haɗu: ilimin da aka tabbatar, da jama'ar da ta tashi tsaye, da ɗan siyasar da ya yarda ya sa hannu. A 1998 su ne suka tona badaƙalar sayen magunguna a ma'aikatarsu, har ministan lafiya Rakkiat Sukthana ya sauka, daga baya kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 15 saboda cin hanci. Tsarin mulkin 1997 ya ba jama'a damar gabatar da ƙudurin doka in sun tara sa hannun mutum 50,000, ƙungiyoyin farar hula kuwa suka tara don dokar kula da lafiyar kowa suka kai majalisa. Saboda haka ranar da Dakta Sanguan ya kai wa 'yan siyasa shawararsa, lissafin yana hannu, asibitocin suna ƙasa, jama'a na jira. Shi ya zama shugaban farko na hukumar da ke riƙe da asusun katin, ya rasu a farkon 2008.

Kada a manta da lokacin da aka yi wannan. Shekara huɗu kacal bayan rikicin kuɗi na 1997 ne, wanda ya karya darajar baht da rabi, ya rufe kamfanoni, ya kora ma'aikata ƙauye. Abin da ɗan ƙasa ke samu a shekara, in an raba daidai, bai kai dala 2,000 ba. Masana da yawa daga waje sun ce ƙasar ba za ta iya ba.

Yadda kuɗin ke tafiya

Wani jami'in asibitin da ya zagaya da ni ya zaunar da ni a ofishinsa ya zana mini abin a takarda. Ma'aikatar lafiya ita ke da asibitoci, amma ba ita ke riƙe da kuɗin katin ba. Wata hukuma ce daban, wadda a majalisar gudanarwarta akwai kujerun wakilan ƙungiyoyin jama'a. Duk shekara hukumar na zama da ofishin kasafin kuɗi a yi ciniki a kan abu ɗaya: nawa za a ware wa kowane kai. A 2002 baht 1,202 ne. Yanzu ya haura 3,000 da nisa.

Kowane mai kati an yi masa rajista da asibitin gundumarsa. Asibitin na karɓar kuɗin duba marasa lafiya gwargwadon yawan kawunan da ke rajistarsa, ko sun zo ko ba su zo ba. Na waɗanda aka kwantar kuwa, ana biya ne bisa nau'in cutar, daga wata tukunya da aka ƙayyade girmanta tun farkon shekara. Hikimar ita ce asibiti ba ya cin ribar rubuta gwajin da ba a buƙata ko maganin da ya fi tsada. Ribarsa tana cikin mutanen gundumarsa su zauna lafiya. Mai ciwon sugan da aka kula da shi a ƙauye ya fi arha a kan wanda aka kawo ƙafarsa ta ruɓe.

Wannan lissafi ya girgiza tsohon tsari. A da, kuɗi na bin gini ne: inda gadaje da likitoci suka fi yawa, can kasafi ya fi tsoka. Da aka ce kuɗi ya bi kawuna, sai asibitocin Isan masu jama'a da yawa da ma'aikata kaɗan suka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, manyan asibitocin tsakiyar ƙasa kuma suka shiga kuka. An yi ta ja-in-ja har aka sassauta ta wajen albashin ma'aikata. Har gobe akwai tsama tsakanin ma'aikatar da ke da asibitoci da hukumar da ke riƙe da jaka.

Doka ta kuma tanadi wasu abubuwa biyu da suka burge ni. Akwai lambar waya, 1330, da duk mai kati zai kira ya kai ƙara ko ya tambayi haƙƙinsa. Akwai kuma kaso, wanda bai wuce ɗaya cikin ɗari na asusun ba, da aka keɓe don biyan diyyar gaggawa ga wanda ya cutu wajen jinya, ba tare da sai an tabbatar da laifin likita a kotu ba. Da farko likitoci sun yi bore a kan wannan sashe, suna tsoron zai buɗe ƙofar ƙararraki.

Sakamakon a bayyane yake. Kafin tsarin, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye. Yanzu ya sauko wajen kashi goma cikin ɗari. Wani bincike da masana tattalin arziki uku na Amurka, Gruber da Hendren da Townsend, suka wallafa a 2014 ya nuna cewa tazarar mutuwar jarirai tsakanin larduna masu arziki da matalauta ta kusa ɓacewa bayan zuwan tsarin. Duk wannan kuwa, tsawon shekaru ƙasar ba ta kashe fiye da kimanin kashi 4 cikin ɗari na arzikinta a kan lafiya ba.

Matan da ke leƙa randa

A wani ƙauye na bi wasu mata 'yan sa-kai zagayen gidaje. Irinsu sun haura miliyan ɗaya a ƙasar, mafi yawansu mata masu matsakaicin shekaru, kuma shirin nasu ya faro tun ƙarshen shekarun 1970. Kowace tana da gidaje goma zuwa goma sha biyar da take kula da su. An fara ba su alawus na baht 600 a wata a 2009, yanzu ya kai 2,000.

Aikin ba shi da wani ƙyalƙyali. Suna ɗauke da tocila suna leƙa manyan randunan ruwan sama da ke gindin kowane gida, suna neman tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin dengi. Suna auna jinin tsofaffi, su tsaga yatsa su duba suga, su rubuta a waya. Sun san wace ce ke da juna biyu, wane ne ya daina shan maganinsa, wane tsoho ne 'ya'yansa suka kwana biyu ba su aiko ba. Suna kuma faɗa da wata al'adar yankin, cin ɗanyen kifin ruwan daɗi da aka daddatsa da yaji da lemun tsami. Kifin na ɗauke da wata tsutsa da ke maƙalewa a hanyar matsarmama, kuma ita ce ta sa Isan ke cikin wuraren da sankarar wannan sashe na hanta ta fi yawa a duniya. A nan na gane gargaɗin Alhaji game da abinci.

Lokacin annobar korona a 2020, da ma'aikata suka tsero daga Bankok zuwa ƙauyukansu, waɗannan mata ne suka bi gida gida suna rubuta wanda ya dawo, suna tabbatar da ya killace kansa. Ba a ɗauke su aiki don annobar ba. An same su a wurin ne, da shekara arba'in na sanin kowane gida.

Faɗin abin da ba za a iya ba

Taken siyasar ya ce kowace cuta, amma da aka fara ba a saka wankin ƙoda da maganin ƙanjamau ba, saboda tsada. Abin lura shi ne an faɗa a fili, kuma masu cutar suka shirya kansu suka yi ta matsa lamba. Maganin ƙanjamau ya shigo cikin 'yan shekaru, bayan kamfanin magunguna na gwamnati ya fara haɗa nasa mai rahusa. A ƙarshen 2006 da farkon 2007 ministan lafiya Mongkol Na Songkhla ya yi amfani da damar da dokokin cinikin duniya suka bayar, ya ba da izinin shigo da kwafin wasu magungunan ƙanjamau biyu da ɗaya na zuciya ba da yardar kamfanonin da suka mallake su ba. Kamfanin Abbott, ɗaya daga cikinsu, ya fusata ya janye takardun neman rajistar sababbin magungunansa a ƙasar, Amurka kuma ta saka Tailan a jerin ƙasashen da take sa wa ido. Gwamnatin ba ta janye ba.

Wankin ƙoda ya shigo a 2008, da sharaɗi. Maimakon injin asibiti, sai aka ce a fara da wankin gida, inda ake saka wa majinyaci roba a ciki, yana zuba ruwan magani yana fitarwa sau huɗu a rana. Na shiga wani gida na ga ɗan ɗakin da aka keɓe don haka, an share shi fes, da kwalayen ruwan jibge har kusa da rufi. Gidan waya na ƙasa ne ke kawo su har ƙofar gida. Mutumin da ke nesa da birni ba sai ya yi hayar mota sau biyu ko uku a mako ba. A 2022 aka sassauta aka bar majinyaci ya zaɓi inji in ya so, nan take kuɗin da ake kashewa ya yi tsalle, muhawara ta dawo sabuwa.

Tun 2007 'yan Tailan suna da wata cibiya da aikinta shi ne auna kowane sabon magani ko na'ura kafin a saka a jerin abin da kati ke biya. Ma'auninsu shi ne baht 160,000 a kan kowace shekara guda ta rayuwa cikin lafiya da maganin zai ƙara wa mutum. Wanda ya wuce haka, ko kamfani ya rage farashi ko a jira. Wani zai ce rashin imani ne a sa wa rai farashi. Amma duk ƙasar da ba ta yi wannan lissafi a kan tebur ba, a bakin gadon majinyaci ake yin sa, kuma aljihun danginsa ne ke yanke hukunci.

Inda takalmin ke matsi

Ba aljanna na gani ba. Mutum na iya jiran sa'o'i huɗu don ganin likita na minti uku. A manyan asibitocin lardi gadaje sun fito har baranda. Matasan likitoci da nas-nas na ƙorafin aikin dare da rana, da yawa kuma suna ajiye aiki da zarar sun cika wa'adinsu, su koma asibitocin kuɗi irin na unguwar Nana, inda albashi ya ninka. Cinikin jinyar baƙi da ke kawo wa ƙasar kuɗin waje, shi ne kuma ke janye ƙwararru daga asibitin talaka. Asibitocin gwamnati da dama na kukan cewa abin da ake biyansu bai kai abin da suke kashewa ba. A ƙarshen 2017 wani shahararren mawaƙi da ake kira Toon Bodyslam ya yi gudu daga Betong a ƙarshen kudu zuwa Mae Sai a ƙarshen arewa, fiye da kilomita 2,000 cikin kwana 55, ya tara sama da baht biliyan ɗaya don sayen kayan aiki wa asibitoci goma sha ɗaya. Jama'a sun yi alfahari da shi, wasu kuma suka tambaya me ya sa sai mawaƙi ya yi gudu kafin asibiti ya sami inji.

Akwai kuma rashin daidaito tsakanin tsare-tsaren uku. Abin da gwamnati ke kashe wa ma'aikacinta ɗaya ya ninka na mai katin zinare sau uku zuwa huɗu, domin shi ana biyan asibiti ne bisa duk abin da ya rubuta. An sha yunƙurin haɗe su, amma masu rubuta dokar su ne masu cin moriyar bambancin. Miliyoyin baƙin ma'aikata daga Myanmar da Kambodiya da Laos, waɗanda ke riƙe da kamun kifi da gine-gine, ba sa cikin katin zinare. Sai dai su shiga asusun ma'aikata ko su sayi inshorar baƙi, wanda ba shi da takardu kuwa yana tsoron ƙofar asibiti.

Duk da haka tsarin na ci gaba da faɗaɗa. Tun 2017 wanda ransa ke cikin haɗari za a iya kai shi kowane asibiti, har na kuɗi, a kula da shi na sa'o'i 72 na farko ba a nemi ko kwabo ba. A watan Janairun 2024 aka fara barin mai kati ya je duk inda ya so da katin shaidarsa kaɗai, har kantin magani da ƙananan asibitocin 'yan kasuwa da suka shiga shirin. An fara da larduna huɗu, cikinsu har da Narathiwat ta Musulmin kudu, kafin a game ƙasa. An yi juyin mulki a 2006 da 2014, an kori Thaksin da ƙanwarsa Yingluck daga mulki, amma babu gwamnatin soja ko ta farar hula da ta yi gigin soke katin.

Babban ƙalubalen yana tafe ne ta wata hanya. Tailan na tsufa kafin ta yi arziki. Mutum ɗaya cikin biyar ya haura shekara sittin, kuma tun 2021 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa. Kuɗin tsufa da gwamnati ke bai wa wanda ba shi da fansho yana farawa daga baht 600 a wata ga ɗan sittin, ya kai 1,000 ga wanda ya haura casa'in, abin da ba ya ciyar da mutum mako biyu. Masu biyan haraji na raguwa, masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da ruɗewar tsufa na ƙaruwa. An fara horar da masu kula da tsofaffi a gida da kuɗin asusun, amma kowa ya san lissafin da ya yi aiki a 2002 sai an sake shi.

A Najeriya an sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a 2022, alhali har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita. Mai son ya kwaikwayi Tailan zai fi saurin ɗaukar taken da katin, domin su ne ke shiga fosta. Abin da ya kamata ya ɗauka shi ne jerin yadda suka bi. Sun fara da tura likita ƙauye da ba shi dalilin zama. Sun hana birni sabon bene don gunduma ta sami ɗakin haihuwa. Sun gane cewa bin manomi da mai talla ana karɓar kuɗin wata aikin banza ne, suka ɗora nauyin a kan haraji. Sun raba mai riƙe da jaka da mai asibiti, suka ba majinyaci kujera a wurin rabo. Katin da ake yabo shi ne abu na ƙarshe da suka yi, bayan kusan shekara talatin suna aikin da ba ya kawo ƙuri'a. Duk gwamnatin da ta fara da buga kati, to ta ba talaka takardar shiga asibitin da ba a gina ba.